Riba ko Faɗuwa? Yadda Jami'o'in Amurka Suke Bayyana Kuɗaɗen Ƙwallon Kwando

Gabatarwa

A kowace shekara, da zarar watan Maris ya kama, hankalin miliyoyin Amurkawa yakan koma kan wata gasar ƙwallon kwando wadda ɗaliban jami'o'i suke bugawa. An fara wannan gasa, da ake yi wa laƙabi da Haukar Maris, a shekarar 1939 da ƙungiyoyi 8 kacal. Daga nan aka yi ta faɗaɗa ta har ta kai ƙungiyoyi 64 a 1985, sa'an nan 68 a 2011. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka amince su biya dala biliyan 10.8 domin nuna wasannin gasar na tsawon shekara 14, a 2016 kuma aka tsawaita yarjejeniyar da shekara 8, wato har zuwa 2032, a kan ƙarin dala biliyan 8.8.

Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka cewa jami'o'in da suke shiga gasar kakarsu ta yanke saƙa. Sai dai hukumar da take kula da wasannin ta bayyana cewa a shekarar 2019, daga cikin jami'o'i sama da 350 na babban rukuni, 25 ne kawai sashen wasanninsu ya samo kuɗin da ya zarce abin da ya kashe. Haka kuma idan mutum ya duba rahoton da jami'o'in suke miƙa wa gwamnati, zai tarar da yawa daga cikinsu sun nuna ba su ci riba ba, ba su kuma faɗi ba, abin da ya shigo ya yi daidai da abin da ya fita har zuwa dala ta ƙarshe. To, wanne za a gaskata? Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake haɗa waɗannan rahotanni, da dalilin da ya sa ƙungiya ɗaya, a shekara ɗaya, za ta iya fitowa da riba a wata takarda, ta fito da faɗuwa a wata, ba tare da wani ya shara ƙarya ba.

Yadda aka tsara wasannin

Kafin a shiga maganar kuɗi, ya kamata mai karatu ya san yadda aka tsara al'amarin. Hukumar da take kula da yawancin wasannin jami'o'i a Amurka ita ce NCAA, wadda aka kafa a 1906, kuma hedkwatarta tana birnin Indianapolis. Ba ma'aikatar gwamnati ba ce, ƙungiya ce ta jami'o'in da kansu. Ta kasa mambobinta rukuni uku, rukuni na ɗaya kuwa shi ne na manyan ƙungiyoyi da manyan kuɗaɗe, kuma a kansa wannan bayani zai tsaya.

A cikin rukunin, jami'o'i sukan haɗu goma ko goma sha wani abu su kafa gamayya. Mambobin gamayya ɗaya su ne suke karawa da juna a mafi yawan wasannin shekara, kuma gamayyar ce take sayar wa gidajen talabijin izinin nuna wasanninsu a dunƙule, ta raba musu kuɗin. A kowace jami'a kuma akwai sashen wasanni, wanda yake riƙe da ƙungiyoyi da dama: ƙwallon kwando na maza da na mata, guje-guje, iyo, ƙwallon raga, kokawa da sauransu. A manyan jami'o'i akwai kuma ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ake ɗauka a hannu a ruga da shi, kuma shi ne ya fi kowane wasa kawo kuɗi da cin kuɗi. Saboda haka ƙungiyar ƙwallon kwando ba ta da asusu nata na kanta. Ɗaki ɗaya ce a cikin babban gida, kuma daga nan wahalar lissafin ta samo asali.

Ƙofofin da kuɗi yake shigowa

Kuɗin da ake dangantawa da ƙwallon kwando yana shigowa ta ƙofofi da yawa. Akwai kuɗin tikiti, da kuɗin abinci da abin sha da ake sayarwa a zauren wasa, da kuɗin ajiye mota. Akwai kason da gamayya take bayarwa daga cinikin talabijin, da kason da NCAA take rabawa daga gasar Maris. Akwai kuɗin talla da na kamfanonin takalma da riguna, waɗanda wani lokaci kaya suke bayarwa a maimakon tsabar kuɗi. Akwai gudummawar tsofaffin ɗalibai da attajirai, wadda a manyan jami'o'i sau da yawa sharaɗi ce ta samun kujera mai kyau a zaure.

Har ila yau akwai kuɗin gayya, wato abin da babbar jami'a take biyan ƙaramar jami'a domin ta zo gidanta su kara, ba tare da alkawarin rama ziyara ba. Irin wannan kuɗi yakan kai kusan dala dubu ɗari a wasa ɗaya, kuma wasu ƙananan jami'o'i da shi suke riƙe sashen wasanninsu. Alal misali, a kakar 2017 zuwa 2018 ƙungiyar Jami'ar Texas Southern ta buga wasanninta 13 na farko duka a gidajen wasu, aka cinye ta a dukkansu, amma daga baya ta ci gasar gamayyarta ta shiga gasar Maris.

Ƙofofi biyu na ƙarshe sun sha bamban da sauran. Ta farko ita ce harajin wasanni da ake ɗora wa kowane ɗalibi a cikin kuɗin makaranta, ko yana zuwa kallo ko ba ya zuwa. Ta biyu ita ce tallafin da jami'a take ɗebowa daga babban asusunta, ko gwamnatin jiha take bayarwa, domin cike giɓi. Ko za a kira waɗannan biyun kuɗin shiga ko ba za a kira su haka ba, wannan ita ce tambayar da ta raba rahotannin biyu da za a duba yanzu.

Rahoto na farko: wanda ake miƙa wa gwamnati

A 1972 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da aka fi sani da Babi na Tara, wadda ta haramta nuna bambanci tsakanin maza da mata a duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Bayan shekara ashirin da wani abu, sai aka ga babu hanyar sanin ko ana bin dokar a fagen wasanni matuƙar jami'o'i ba su buɗe littattafansu ba. Don haka a 1994 aka yi wata doka da ake taƙaita sunanta da EADA, wadda 'yar majalisa Cardiss Collins ta jihar Illinois tana cikin waɗanda suka tsaya mata. Dokar ta wajabta wa kowace jami'a mai ɗalibai maza da mata, wadda take da ƙungiyoyin wasanni kuma ɗalibanta suke cin gajiyar tallafin karatu na tarayya, ta shirya rahoto kowace shekara, ta sa shi inda jama'a za su gani kafin 15 ga Oktoba, ta kuma aika wa Ma'aikatar Ilmi.

Rahoton yakan ƙunshi yawan 'yan wasa maza da mata, da yawan masu horarwa da matsakaicin albashinsu, da kuɗin da aka kashe wajen zawarcin sababbin 'yan wasa, da tallafin karatun da aka ba kowane jinsi, da kuɗin shiga da na fita na ƙwallon kwando na maza daban, na mata daban. Amfaninsa babba shi ne ya haɗa kowa da kowa, jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu, kuma kowa yana iya duba shi kyauta a intanet.

Sai dai yana da rauni guda uku. Na farko, dokar ta lissafa tallafin jami'a da harajin ɗalibai da tallafin gwamnati a cikin kuɗin shiga, ba tare da an ware su ba. Bisa wannan ma'ana, duk abin da aka kashe dole akwai inda aka samo shi, don haka jimillar kuɗin shiga ba ta gaza jimillar kuɗin fita. Wannan shi ne sirrin ƙungiyoyin da lissafinsu yake tashi babu riba babu faɗuwa: akanta ya duba giɓin, ya rubuta adadinsa daidai a matsayin tallafi, sai ɓangarorin biyu suka daidaita. Na biyu, fom ɗin yana da gurbi na kuɗin da ba a danganta shi da kowane wasa ba, kuma kowace jami'a ita take yanke abin da za ta zuba a ciki. Na uku, dokar ba ta buƙaci wani mai binciken kuɗi daga waje ya tantance alƙaluman ba. Dalili kuwa shi ne an yi dokar ne domin kwatanta rabon maza da na mata a cikin jami'a ɗaya, ba a gina ta domin auna ribar wata jami'a da ta wata ba.

Rahoto na biyu: wanda ake miƙa wa NCAA

Rahoto na biyu ya fi zurfi. Kowace jami'a ta rukuni na ɗaya tana aika wa NCAA cikakken bayanin kuɗinta kafin 15 ga Janairu, bayan wani akanta mai zaman kansa ya bi alƙaluman bisa matakan da aka amince da su. A wannan fom an rarrabe kuɗin shiga da na fita gida-gida: tikiti daban, gudummawa daban, talabijin daban, harajin ɗalibai daban, albashin masu horarwa daban, tafiye-tafiye daban, biyan bashin gine-gine daban. Wannan rarrabewa ita ta ba hukumar damar kasa kuɗin shiga kashi biyu. Kashi na farko shi ne abin da sashen wasanni ya samo da guminsa. Kashi na biyu shi ne abin da aka ware masa daga aljihun ɗalibai ko na jami'a ko na gwamnati. Idan aka cire kuɗin fita daga kashi na farko kaɗai, sai ainihin giɓin ya bayyana. Ta wannan hanya aka samo adadin jami'o'i 25 da aka ambata a farko, kuma dukkansu suna cikin manyan gamayyoyi biyar na wancan lokaci.

Matsalar wannan rahoto ita ce NCAA ba ta buga na kowace jami'a, jimilla da matsakaici kawai take fitarwa. Abin da ya taimaki masu bincike shi ne dokokin jihohi da suka ba jama'a damar neman takardun hukumomin gwamnati. Da waɗannan dokoki jaridar USA Today ta shafe shekaru tana tattara rahotannin jami'o'in gwamnati tana bugawa, haka ma Hukumar Knight, wadda aka kafa a 1989 domin gyara harkar wasannin jami'o'i, tana da rumbun irin waɗannan bayanai. Amma jami'o'i masu zaman kansu, irin su Duke da Gonzaga da Villanova, waɗanda suke cikin zakarun ƙwallon kwando, waɗannan dokoki ba su hau kansu ba. Abin da ake iya gani nasu shi ne rahoton gwamnati mai raunin nan, da takardar da suke miƙa wa hukumar haraji kowace shekara, inda sukan bayyana albashin ma'aikatansu mafiya tsada, kuma sau da yawa kocin ƙwallon kwando yana kan gaba.

Wurare huɗu da lissafi yake karkata

Ko da an yi amfani da fom mafi kyau, akwai wurare huɗu da tilas akanta ya yanke hukunci da ra'ayinsa, kuma kowane hukunci yana sauya sakamakon.

Wuri na farko shi ne rabon kuɗin tarayya. Idan gamayya ta sayar da izinin nuna wasanninta a dunƙule, ko kamfani ya biya domin a manna sunansa a duk filayen jami'a, nawa ne na ƙwallon kwando a ciki? Wata jami'a takan raba bisa wani ƙiyasi nata, wata takan zuba duka a gurbin da ba na kowa ba. Haka abin yake ga gudummawa. Jami'ar Louisville ta jihar Kentucky ta shafe shekaru tana kan gaba a jerin masu samun kuɗi daga ƙwallon kwando na maza, inda a tsakiyar shekarun 2010 take bayyana sama da dala miliyan 40 a shekara. Babu shakka tana da zaure mai cin mutum kimanin 22,000 wanda aka buɗe a 2010, a birnin da ba shi da ƙungiyar ƙwararru ta NBA. Amma wani ɓangare mai yawa na adadin gudummawa ce da masu sayen kujeru suke bayarwa, wadda aka rubuta da sunan ƙwallon kwando. Jami'ar da ta rubuta irin wannan gudummawa a asusun sashe baki ɗaya za ta fito a ƙasa a jerin, ko da abin da ya shiga aljihunta bai gaza ba.

Wuri na biyu shi ne farashin tallafin karatu. Jami'a takan ɗauke wa ɗan wasa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, kamar yadda Jami'ar Houston ta yi wa Hakeem Olajuwon, wanda ya taso daga Legas ya buga mata wasan ƙarshe na gasar Maris a 1983 da 1984. A littafin sashen wasanni, ana rubuta wannan tallafi a kan cikakken farashin da jami'a take sanarwa. Amma kuɗin makarantar daga hannun dama na jami'a yake fita ya koma hannun hagunta, domin sashen wasanni ne yake biyan ofishin ma'aji. Masana tattalin arziki sun daɗe suna nuna cewa idan akwai kujerar da babu kowa a aji, ƙarin ɗalibi ɗaya ba ya jawo wa jami'a ɗawainiyar da ta kai farashin da aka rubuta. Idan kuwa jami'ar a cike take, har ɗan wasan ya tare gurbin wanda zai biya da aljihunsa, to farashin gaskiya ne.

Wuri na uku shi ne gine-gine. Wani zauren mallakar sashen wasanni ne, bashin gina shi yana kan sashen. Wani na jami'a ne, ita take biyan bashi da wuta da gyara. Wani kuma na hukumar birni ne, jami'a haya take biya, kamar yadda yake a Louisville, inda wata hukuma ta daban ta mallaki zauren, kuma kuɗin harajin jama'a yana cikin abin da ake biyan bashinsa da shi. Ƙungiyoyi uku masu zaure iri ɗaya za su nuna ɗawainiya iri uku.

Wuri na huɗu shi ne lokaci da mai karɓa. Bisa tsarin da aka bi har zuwa gasar 2025, kowane wasa da ƙungiyar maza ta buga a gasar Maris, ban da wasan ƙarshe, yana jawo kaso ɗaya. Ana biyan kowane kaso shekara shida a jere, kuma a farkon shekarun 2020 darajarsa ta kai kimanin dala 340,000 a shekara, wato kusan dala miliyan 2 gaba ɗaya. Amma gamayya ake ba kuɗin, ita kuma ta raba wa mambobinta bisa ƙa'idarta. A 2022 wata ƙaramar jami'a mai suna Saint Peter's ta jihar New Jersey ta ba duniya mamaki, ta fitar da Kentucky da Murray State da Purdue kafin North Carolina ta tsayar da ita. Wasanni huɗun nan sun jawo kimanin dala miliyan 8, sai dai kuɗin na gamayyarta ne mai mambobi 11 a lokacin, kuma a shekarun da suka biyo baya yake fitowa. Wanda ya duba rahoton jami'ar na shekarar nasarar ba zai ga wannan kuɗi a ciki ba.

Misali a lissafe

Domin a ga yadda waɗannan hukunce-hukunce suke aiki, bari a ƙaddara wata jami'a wadda babu ita a zahiri. A ce ƙungiyarta ta samu dala miliyan 2 daga tikiti, miliyan 1.5 daga gudummawa, miliyan 1 daga gamayya, da dala 500,000 daga kuɗin gayya. Jimilla dala miliyan 5 ke nan. A ce kuma ta biya masu horarwa miliyan 3, ta kashe dala 2,220,000 a tafiye-tafiye da kaya da shirya wasanni, ta ba 'yan wasa 13 tallafin karatu a kan dala 60,000 kowanne, wato dala 780,000. Jimillar abin da ya fita dala miliyan 6. Giɓin miliyan 1 kuma jami'a ta cike shi daga babban asusunta.

A rahoton gwamnati, kuɗin shiga miliyan 6, kuɗin fita miliyan 6, babu riba babu faɗuwa. A ma'aunin NCAA, abin da aka samo da gumi miliyan 5 ne, don haka an faɗi da miliyan 1. Idan masanin tattalin arziki ya ce ainihin abin da kowane ɗan wasa ya ci wa jami'a dala 20,000 ne, tallafin karatun zai koma dala 260,000, kuɗin fita ya ragu da dala 520,000, faɗuwar ta sauko zuwa dala 480,000. Idan kuma akanta ya ɗebo miliyan 1 daga kuɗin talla da yake gurbin da ba na kowa ba ya rubuta wa ƙwallon kwando, sai a wayi gari da ribar dala 520,000. Daga ƙarshe, idan aka tuna cewa jami'a tana biyan miliyan 1.5 kowace shekara a kan bashin zauren, aka ɗora wa ƙungiyar, sai ribar ta rikiɗe ta zama faɗuwar dala 980,000. Amsoshi biyar ke nan daga ƙungiya ɗaya a shekara ɗaya, kuma ko sisin kwabo bai motsa daga inda yake ba.

Darasi daga ƙwallon mata

Babu inda tasirin irin wannan lissafi ya fito fili kamar a gasar mata. A Maris na 2021 wata 'yar wasan Jami'ar Oregon, Sedona Prince, ta yaɗa hoton bidiyo da ya nuna 'yan ƙarafunan motsa jiki da aka ajiye wa mata, alhali an cika wa maza babban ɗaki da kayan aiki. A cikin hayaniyar da ta biyo baya, alƙaluman NCAA suka nuna cewa gasar mata ta 2019 ta faɗi da dala miliyan 2.8. Hukumar ta ɗauki wani kamfanin lauyoyi, Kaplan Hecker & Fink, ya binciki lamarin, kuma rahotonsa na watan Agusta na wannan shekara ya nuna inda gizo yake saƙa. An haɗa izinin nuna gasar mata da na wasu gasanni sama da ashirin an sayar a dunƙule a kan kimanin dala miliyan 34 a shekara, alhali ƙiyasin da ke cikin rahoton ya nuna gasar matan kaɗai za ta iya kai dala miliyan 81 zuwa 112 a shekara. Wato faɗuwar da aka rubuta ta samo asali ne daga yadda aka sayar da hajar da yadda aka raba kuɗinta a takarda.

A Janairu na 2024 NCAA ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da tashar ESPN ta shekara 8 a kan dala miliyan 920, inda aka ƙiyasta rabon gasar mata da kimanin dala miliyan 65 a shekara. A watan Afrilu na wannan shekara kimanin mutum miliyan 18.9 suka kalli wasan ƙarshe na mata tsakanin South Carolina da Iowa, adadin da ya zarce miliyan 14.8 na maza. Daga gasar 2025 kuma aka fara ba ƙungiyoyin mata nasu kason, daga asusun da ya fara da dala miliyan 15.

Waɗanda lissafin ya shafa

Wannan ba gardamar akantoci ba ce kawai, domin akwai waɗanda suke ji a jikinsu. Na farko su ne ɗalibai. Wani bincike da jaridun Chronicle of Higher Education da Huffington Post suka buga a 2015 ya gano cewa a cikin shekara biyar, daga 2010 zuwa 2014, jami'o'in gwamnati 201 sun zuba dala biliyan 10.3 na harajin ɗalibai da sauran tallafi a wasanni. Ɗalibin da ya ci bashi domin ya yi karatu yana da haƙƙin sanin nawa daga ciki ya tafi zauren wasa, kuma rahoton da ya kira tallafi kuɗin shiga ba zai gaya masa ba.

Na biyu su ne 'yan ƙananan wasanni. Da annobar korona ta sa aka soke gasar Maris ta 2020, NCAA ta rage abin da za ta raba wa rukuni na ɗaya daga dala miliyan 600 zuwa miliyan 225. Jami'o'i da dama suka rufe wasu ƙungiyoyinsu da hujjar giɓi. Jami'ar Stanford ta sanar da rufe wasanni 11 a Yuli na 2020, sa'an nan ta janye shawarar a Mayu na 2021 bayan matsin lamba daga 'yan wasa da tsofaffin ɗalibai.

Na uku su ne 'yan ƙwallon da kansu. Shekara da shekaru ana hana su albashi, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da ake kawowa ita ce yawancin sassan wasanni faɗuwa suke yi. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara duka, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekara aka ƙyale 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Yuni na 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa cikin shekara 10, ya kuma ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye. An sa iyakar abin da kowace jami'a za ta biya a shekarar farko a kan kimanin dala miliyan 20.5, kuma an samo wannan adadi ne daga kashi 22 cikin ɗari na matsakaicin abin da jami'o'in manyan gamayyoyi suke samu daga wasu ƙofofi da aka zaɓa, musamman talabijin da tikiti da talla. Ma'ana, gurbin da akanta ya rubuta dala a cikinsa yanzu yana da hannu a abin da zai shiga aljihun ɗan wasa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa kalmar kuɗin shiga a rahotannin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, gwargwadon wanda ya nemi rahoton da dalilin da ya sa ya nema. Rahoton gwamnati an yi shi ne domin auna adalci tsakanin maza da mata, na NCAA kuma domin jami'o'i su san matsayinsu a tsakaninsu, kuma kowanne yana amsa tambayar da aka gina shi a kanta. Saboda haka duk wanda ya ci karo da adadin riba ko faɗuwar wata ƙungiya, ya dace ya yi tambayoyi biyar kafin ya yarda da shi. Daga wane rahoto aka ɗauko shi? An haɗa da tallafi da harajin ɗalibai ko an cire? Yaya aka raba kuɗin tarayya tsakanin wasanni? A kan wane farashi aka rubuta tallafin karatu? Wa yake biyan bashin zauren? Malami zai iya ba ɗalibansa misalin da aka lissafa a sama, ya sauya adadi ɗaya ko biyu, ya bar su su gano da kansu yawan amsoshin da za su fito da kuma wadda ta fi dacewa da tambayar da aka yi musu.